Kiyashi a Bakin Jarka

Sufeto Lubinda Sitali ya tsani ɓera tun yana yaro, ya kuma tsani a taso shi kafin ya sha shayi. Ranar Litinin ɗin nan aka haɗa masa duka biyun.

Wadda ta bugo waya ofishin 'yan sanda na Kitwe ita ce Dakta Bwalya Kapembwa, mai binciken guba a wata cibiya da ke bayan gari. Ta ce an kashe mata ɓeraye. Sufeto ya ce ta taya shi yi wa wanda ya kashe su godiya. Sai da ta ambaci shari'ar unguwar Musonda ya ture kofin ya nemi hularsa.

Babu wanda bai san shari'ar ba. Mutanen Musonda sun kai wani kamfanin haƙar tagulla kotu, sun ce dagwalon da yake zubarwa ya shiga rijiyarsu yana cin ƙodar yara. Alƙali ya ba da umarni a shayar da ɓerayen gwaji ruwan rijiyar na wata shida. Idan ƙodarsu ta lalace, kamfani zai ɗauki jinyar yaran. Saura mako uku wa'adin ya cika.

A bakin ƙofar cibiyar ya tarar da cincirindon mutanen unguwa suna waƙa kamar an ci ƙwallo. A gabansu akwai wani dogo mai jajayen idanu, Evaristo Kalaba, shugaban kwamitin unguwa, wanda kowa ke kira Baban Mapalo. 'Yarsa Mapalo na kwance a asibiti ana mata wankin ƙoda da abin da coci ke tarawa, cocin kuma ya fara gajiya.

"Yallaɓai, ka shiga ka gani da idonka," in ji shi. "Ruwan da 'ya'yanmu ke sha ya kashe ɓera. Me kuma ake jira?"

Sufeto ya ce ya matsa masa a hanya.

Ɗakin ɓerayen warin fitsari da dusar katako yake yi. Kejina layi biyu ne. A layin dama farare tas suna ta tsalle, suna kallonsa da jajayen idanunsu, har tsigar jikinsa ta tashi. A layin hagu kuwa duk sun sandare, kumfa a baki. Dakta Kapembwa, gajeriyar mace mai magana kamar tana yanka albasa, ta ce na dama ruwan famfo suke sha, na hagu ruwan rijiya.

"To ai mutumin waje ya yi gaskiya," in ji Sufeto. "Ruwan ne."

Ta dube shi kamar ɗalibin da ya zo jarrabawa ba biro. Ta ce ƙarfen da ke cikin ruwa a hankali yake kisa, wata da watanni, ba ya kwantar da keji guda a yini ɗaya. Kumfar nan da karkarwar da ta gani jiya maganin ƙwari ne, irin na feshin gona. Wani ne ya zuba musu.

"Wa kike zargi?"

"Wa zai ci riba in gwajin ya lalace? Ko shi ma sai na rubuta maka a allo?"

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ba. Taga akwai ƙarfe. Mukulli ɗaya ne, yana rataye a wuyanta. Ya ce ta nuna masa inda ruwan yake.

Jarka ce rawaya a kusurwar ɗaki. Ta ce duk Asabar ake ɗebo ruwan a gaban shaidu biyu, Baban Mapalo da wata dattijuwar coci, Mama Nkandu, wadda ɓangarorin biyu suka yarda da ita. A bakin rijiya ake liƙe murfin da salatif ɗin kotu, su sa hannu a kai. Wannan jarkar da hannunta ta yanke salatif ɗin ranar Asabar da rana, lafiyarsa ƙalau.

Sufeto ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara. A ƙasa, inda ruwa ya ɗiga, kiyashi ne tuli guda, duk matattu. Wasu sun hau har bakin jarkar suka mutu a can.

Ya tambaye ta ko kiyashi na bin ruwan rijiya. Ta ce ba ta da digiri a kan kiyashi. Ya ce shi ma ba shi da shi, amma yana da kicin, kuma a kicin ɗinsa abu ɗaya ke tara su haka. Ta ɗebi ruwan a ƙaramar kwalba ta shiga ɗakin ciki. Da ta fito fuskarta ta sake. Ta ce akwai sukari, da yawa ma. Ɓera ba ya shan abin da ya yi masa baƙon ɗanɗano, sai an yaudare shi da zaƙi.

Daga nan ya wuce ofishin kamfani. Gaskiyar magana, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Ya daɗe yana jin haushin waɗannan mutane da motocinsu masu baƙin gilashi, yana kuma so ya ga ankwa a hannun ɗayansu kafin ya yi ritaya.

Jami'in hulɗa da jama'a, Mista Siame, ya bar shi tsaye a baranda har ƙafarsa ta yi tsami. Da ya shigar da shi bai ce ya zauna ba. Ya ce bai taɓa taka cibiyar ba, bai ma san launin ƙofarta ba.

"Maigadin cibiyar ya ce ranar Juma'a farar mota ta zo, mai ita ya ba shi biskit," in ji Sufeto. "Irin wanda ke kan teburinka."

Siame ya gyara zaman tayen wuyansa. Ya ce to, ya je, gaisuwa ce kawai. Da aka matsa masa ya ce ya yi wa Dakta tayin tafiya ƙaro karatu waje, ita kuma ta kore shi da tsintsiyar share kashin ɓera. Ya ƙara da cewa Sufeto ya je ya nemi ɓarayin waya, ya bar manya su yi aikinsu, domin kwamishinan 'yan sanda abokin wasan golf ɗinsa ne.

Sufeto ya fito yana huci. Mutumin maƙaryaci ne, mai ba da cin hanci ne, amma Juma'a ya je, jarkar kuwa sai Asabar ta iso a liƙe. Haushi ya kama shi sosai, domin lissafin ya ƙi fita yadda yake so.

Mama Nkandu na tsince wake a ƙofar gidanta. Ta ce ta tsufa da 'yan sanda su riƙa yi mata tsaye a ka, ya nemi kujera ko ya tafi. Muryarta a dishe take, da ƙyar ake ji. Ta rantse da Littafi Mai Tsarki cewa ranar Asabar da safe tana bakin rijiya, a gabanta aka cika jarka, a gabanta aka liƙe.

Sufeto ya zauna, ya ɗebi wake yana taya ta. Ya ce Mama, wannan murya fa, mura ce? Ta ce wace mura, waƙa ce. Wata 'yar ƙungiyar mawaƙan coci ce ta rasu a garin Mufulira, ita ta ja waƙa tun daga cikin mota har bakin kabari, yaran yanzu ba su da huhu. Ya tambaye ta yaushe aka yi jana'izar. Ta ce Asabar, tun asuba motar coci ta kwashe su.

Hannunta ya tsaya a cikin tiren.

"Mama, rijiyar ma a motar kuka tafi da ita?"

Ta zage shi, ta zagi wanda ya ba shi kaki. Daga baya ta yi ƙasa da kai ta ce ranar Juma'a da yamma ta sa hannu a salatif ɗin tun ba a liƙa ba, ta ba Baban Mapalo. Mutumin da 'yarsa ke kwance, wa zai zarge shi? Wake ya fita daga ran Sufeto, ya miƙe.

Ya koma cibiya ya ɗauko Dakta Kapembwa, ya ce akwai kwalbar da yake so ta duba.

Baban Mapalo na lambunsa na tumatir a bayan gida. Kafin Sufeto ya rufe ƙofar mota maƙwabta sun taru, wata mata na ihu cewa ga likitar da kamfani ya saya. Baban Mapalo ya jefar da fartanya ya ce in ruwa ya kashe ɓera a rubuta ruwa ya kashe, a daina kewaye-kewaye. In kuma guba ce, to a je a kama masu farar mota.

Sufeto ya ce yana so ya ga rumfar da ake ajiye kayan feshi. Mutumin ya ce ba shi da mukulli. Rumfar ba ta da ƙofa ma, buhu ne aka rataya.

A ciki akwai famfon feshi, da kwalbar maganin ƙwari da ta kusa ƙarewa, da mazurari. Dakta ta karanta jikin kwalbar ta gyaɗa kai. A ƙasa, inda aka taɓa ajiye abu mai faɗin gindin jarka, kiyashi ne matattu sun yi zobe.

"Tumatir ɗinka da sukari kake fesa shi?" in ji Sufeto.

Baban Mapalo ya dubi ƙasa, ya dubi maƙwabtan da suka cika bakin rumfar. Hayaniyar ta mutu. Ya juya kan Dakta a fusace.

"Wata biyar ina kai miki ruwa a kan keke. Duk zuwan da na yi ɓerayenki sun ƙara ƙiba, 'yata tana ƙara ramewa. Na tambaye ki me kika gani, kika ce in jira rahoto. Ko kallona ba ki yi ba. Ruwan nan guba ne, kowa ya sani. Na taimaka masa ne kawai ya nuna kansa."

Dakta Kapembwa ta ajiye kwalbar a ƙasa.

"Ya riga ya nuna kansa," ta ce. "Tun watan jiya fitsarinsu ya canja. Ƙodarsu ta fara zuba, duk na layin hagu. Ƙibar da ka gani kumburi ne. Kotu ta hana ni faɗa wa kowa kafin wa'adi. Mako uku ya rage in buɗe cikinsu in kai wa alƙali."

"To ki buɗe yanzu," in ji Baban Mapalo.

"In kai ƙodar da aka jiƙa da maganin ƙwari? Lauyoyinsu za su yi dariya har su faɗo daga kujera. Sai an sake daga farko, da sababbin ɓeraye, in alƙali ya yarda. Bayan abin da ka yi kuwa ban ga dalilin da zai sa ya yarda ba."

Ya tambaye ta wata nawa za a ɗauka. Ta ce shida, ban da jiran kotu. Kowa a wurin ya san likitocin asibiti sun ce Mapalo ba za ta kai haka ba, ba wanda ya ɗaga ido.

Baban Mapalo ya zauna a kan buhun taki. Matar da ke ihu ɗazu, wadda ita ma ɗanta na cikin yaran, ta tofa yawu a gabansa ta juya. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto ya ciro ankwa. Tun safe yake ɗauke da ita da sunan Siame, yanzu ga inda ta ƙare, abin ya yi masa ɗaci. Ya faɗa wa mutumin laifinsa, ya ce ya miƙo hannu. Ya miƙo ba gardama.

A hanyar ofis sai an wuce ta gaban asibiti. Da suka kusa, Baban Mapalo ya ce yau ce ranar da yake kai wa Mapalo ayaba, tana can tana duban ƙofa. Sufeto ya rage gudu, ya tambaye shi ko yana so ya shiga na ɗan lokaci, zai cire masa ankwar.

Mutumin ya daɗe yana kallon tagogin benen.

"Za ta tambaye ni labarin ɓerayen," ya ce. "Kullum sai ta tambaya. Mu wuce, Yallaɓai."

Sufeto ya taka mota.