Ruwa Ya Yi Wa Furen Yawa

A gidan waya suka haɗu. Auta ta je karɓo wa Baba saƙon tabarau, sai ta tarar da wani dogon saurayi a gabanta ya jera kwalaye duk an huhhuda su, yana ta roƙon ma'aikaciyar kada a kifa masa su.

"Kaji ne a ciki?" Bakinta ne ya suɓuce.

Ya juyo yana murmushi. "Furannin ɗaki ne. Su ma suna numfashi, cara ce dai ba sa yi."

Ya miƙa mata katinsa. Ita da ko albasa ba ta taɓa shukawa ba, buɗar bakinta sai cewa ta yi ai tun tana ƙarama take son shuke-shuke. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ta Auta kam sai da ta yi jikoki.

Furen farko da ta saya a wurinsa ya iso a kwali, an naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙiyar jarida. Saƙon Mai Furanni ya biyo baya:

"Kada ki ba shi ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe. Ki kula min da shi, Sarauniya."

Sarauniyar kawai ta gani, sauran ya bi iska. Buta ba ta barin hannunta. Ba a jima ba ganye ya yi rawaya, wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka riƙa tasowa daga ƙasar, ga fararen ƙwari kamar auduga sun lafe a bayan ganye. Furen ya langaɓe. Ta sayi wani don kada hira ta yanke, ta ajiye shi kusa da maras lafiyar. Shi ma ya bi sahu.

"Yaya yaranmu?" yakan rubuto.

Sai ta fita daga kantin maganin da take aiki, ta shiga asibitin haƙori da ke maƙwabtaka, ta ɗauki hoton furannin ɗakin jira ta tura masa. "Lafiya lau, suna gaishe da babansu." Tana turawa sai ta kifa wayar, don ko hotonta da ke kai ba ta son gani.

Ranar da Baba ya tsamo ƙuda daga shayinsa, ya bi diddigi har bayan labulen ɗakinta, ya tarar da tukwanen furanni a jere.

"Wa yake sayar miki da wannan annobar?"

Kunya ta kama ta. "Haka suke zuwa, Baba."

Shi ke nan ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Da Mai Furanni ya nemi izinin zuwa gaisuwa, Baba ya ce, "Wanda yake aika wa mutane ƙwari a kwali? Ya zo. Dama ina nemansa."

Yayarta ta ce, "Ke dai kin tafka. Ki gaya wa ɗaya daga cikinsu gaskiya tun kafin su haɗu." Auta ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Abin da ta iya turawa kawai shi ne, "Allah Ya kawo ka lafiya."

Mai Furanni ya zo cikin shiga mai kyau, ya durƙusa ya gaida Baba. Maimakon ruwan sha, tukwane ya tarar a kan teburin falo, ƙudaje na shawagi a kansu.

"Ga hajarka," in ji Baba.

Auta na laɓe a bakin ƙofa, tana kallo ta gefen labule. Ta ga saurayin ya tura yatsa cikin ƙasar tukunya ya fito da shi sharkaf. Ya ja ɗaya a hankali, saiwar ta fito baƙa, ta ruɓe. Ya gane, ita ma ta san ya gane. Ya ɗaga ido ya dubi labulen, sannan ya sunkuyar da kai.

"A yi haƙuri, Baba. Zan canza su gaba ɗaya."

"Ba canji nake nema ba. Wanda ya ha'inci yarinya a kan ganye, me zai yi mata in ta zama tasa? Tashi ka ba ni wuri."

Ya miƙe zai fita. Da ya yi musu ne da ta iya daurewa, amma wannan shirun ya fi ƙarfinta. Ta fito ta zube gaban Baba.

"Lafiyarsu lau suke zuwa, Baba. Ni na kashe su. Ya hana ni yawan ba su ruwa, ban ji ba."

"To, me ya kai ki? Ruwan ne ya yi miki yawa a gidan?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙasa za ta tsage da ta shige. "Duk lokacin da ya faɗo min a rai, sai in ɗauki buta."

Daga kicin aka ji Yaya ta shaƙe da dariya. Baba ya yi gyaran murya, ya shiga goge tabaransa da ba abin da ya same shi.

"Dawo ka zauna, yaro," ya ce daga baya. "Na ci mutuncinka a banza. Ka yafe ni."

A baranda, Auta da Mai Furanni suna goge ganyen waɗanda suka rage da auduga da ruwan sabulu, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Akwai sauran laifi. Hotunan nan..."

"Na asibitin haƙori? Ni na sayar musu. Ni nake zuwa yi wa furannin aski."

"Kuma ka yi shiru?"

"Na ce wadda take shan wannan wahalar don kada in daina rubuto mata, ai ba a tona mata asiri."

Ta jefe shi da audugar, hawaye da dariya suka haɗe mata.

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya sa su gaba.

"Kai, ka rufa wa 'yata asiri tun ba ta zama taka ba. Ka ɗore a haka. Ke kuma, kin ga yadda ya ɗauki laifinki a gabana. Kada ki sake bari ya ɗauka shi kaɗai. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya mai albarka."

Ango ya amsa da ƙarfi. Auta ta ɗago kai, ta dubi mahaifinta ido cikin ido ta ce, "Na yi alkawari, Baba."