Tekun Datti da Kwanukan Jere

Ranar da Asama'u ta fara ganin Datti, ba shi ta kalla ba. Aike ya kai ta gidan su Datti a garin Abuja, wanda daga baya aka sa wa suna Suleja, sai ta hango akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye masu launi kamar atamfa. Ta tsaya har ta mance aiken.

Datti ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko, can ya kwaso wannan ƙulafucin. Ruwan teku a jarkoki yake zuwa masa cikin motar kaya, famfon iska kuwa da batirin mota yake aiki. Ya nuna mata wasu duwatsu masu rassa, ya ce murjani ne mai rai. Ita da ta san murjani a wuya kawai, sai ta shafa nata.

"Daga yau ke ce Murjanata," in ji shi.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta ya ce atafau ba zai ba da 'yarsa ga mai kiwon kifin da ba a ci ba, ga Dogara mai shagon yadi yana jira. Asama'u ta rame, ta bar magana, sai da kakarta ta sa baki aka haƙura. Duk wannan lokacin su biyun suna ta tsara inda akwatin zai zauna a ɗakinta, nesa da taga, kada rana ta dafa ruwan.

To, abin da aka kasa da faɗa, sai aka yi shi da alheri. Ranar jere, amarya na cikin lalle, ango na wajen abokai, gwaggonninta suka shiga ɗakin. Suka ga gilashi mai kyau ana ɓarnarsa da ruwa. Suka kwashe kifin suka sa a bokitin ruwan rijiya, wai kada su wahala. Duwatsun suka dirje da toka, suka shanya. Sannan suka jera kwanukan amarya a ciki, suna guɗa.

Ruwan rijiya bai bar kifi ko ɗaya da rai ba. Datti ya binne su bayan gida. Wa zai yi wa faɗa? Surukai ne, kuma don Allah suka yi.

Da aka kawo Asama'u ta ɗaga mayafi, kwanuka ta gani. Ta yi kuka mai ɗaci, wanda ya fi na rabuwa da gida.

"Bar shi, Murjanata," in ji Datti. "Ke na samu."

Ta tashi ta shiga fitar da kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ko da ta san gobe dangi za su ce ta wulaƙanta jerensu. Da gilashin ya zama wayam, ta cire murjanin wuyanta ta ajiye a ciki.

"Wannan ya riƙe musu wuri," ta ce. "Yaushe motar Ikko za ta tashi?"

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sake cika musu abin da aka zubar.