Bulon Jar Motar Alhaji Badaru

Ko kujera Sufeto Yahuza bai ɗumama ba Alhaji Badaru ya faɗo ofishin 'yan sanda na Birnin Kudu, hularsa a hannu.

"Sufeto, an kashe ni! An sace bulon injin jar motata!"

Kowa a garin ya san motar nan, 'yar gajeriya mai ƙofa biyu da ke ruri kamar injin niƙa. Da ita za a yi wasan mota ranar bikin ɗan Alhaji. Bakanikensa Ashiru ya sauke injin don a kai bulon Kano a yi masa borin, wato a faɗaɗa ramukan da fistin ke hawa da sauka. Yau da safe Ashiru ya ce bulo ya yi ƙafa, kuma tuni aka rufe Baba Haladu mai gadin garejin a bayan kanta.

Yahuza ya leƙa. Tsohon na rakuɓe, idonsa jawur.

"Yallaɓai, in aka kai ni kotu a kan sata, da wane ido zan kalli jikokina?"

Maganar ta soki Yahuza. Ya figi babur sai gareji.

"Ina ka ajiye shi?" ya tambayi Ashiru.

"Can lungun bayan tayoyi. Jiya da yamma da hannuna na rufe shi da buhu."

Yahuza ya yaye buhun. Wata kaza ta taso masa da masifa, saura kaɗan ta tsone masa ido. A ƙarƙashinta ƙwai ne cike da gurbi.

"Ashiru, kazarku ta iya aiki! Duk wannan daga jiya zuwa yau?"

Ashiru ya shiga sosa ƙeya. Nan take Yahuza ya gano bakin zaren. Bulon nan ya daɗe da barin garejin, kuma wanda ya fita da shi wurin borin ya nufa.

Sai ya tuɓe kaki ya bi masu gyaran inji shago-shago, wai yana da bulon motar tsere yana neman inda za a yi masa. Wannan ya ce sai Kano, wancan ya ce sai Kano. Bulon sanholo ne, in ji su, ba baƙin ƙarfe ba, kuskure kaɗan sai a yi ɓarna.

"Sai dai ka gwada Malam Ahmad na Gwaram," wani ya ce yana dariya. "Shi ko jirgin sama ka kai masa ba ya cewa bai iya ba."

Kafin la'asar Yahuza da Kofur Na'ima suna Gwaram. Shagon Malam Ahmad maƙare yake da injinan ban-ruwa na manoman Dingaya. Dattijo ne mai furfura da faɗin rai.

"Motar tsere? Ban taɓa ganin bulonta ba."

Na'ima ta durƙusa gindin na'urar borin ta damƙo ɓarɓashin ƙarfe. Cikin baƙin akwai wani fari tas yana walƙiya.

"Baba, injin ban-ruwa ne ke zubar da farin gari?"

Malam Ahmad ya dubi tafin hannunta, ya dubi ƙasa, sannan ya zauna daɓas a kan benci.

"Yadda nake yi wa na ban-ruwa na yi masa. Ashe bangonsa siriri ne. Wuƙar na'urar ta ɓurma har hanyar ruwa."

"Yanzu yana ina?"

"Ɗazu Ashiru, yaron da ya kawo shi, ya zo a gigice ya ɗauka. Ya ce wurin masu zubin tukwane zai kai, bayan kasuwa."

Yahuza ya ruga wajen babur. In bulon ya narke ya zama tukunyar tuwo, shaida ta tafi, Baba Haladu kuwa sai kotu.

"Kofur, hau!"

Suka keta tsakiyar kasuwa, awaki na watsewa, masu tallar rake na salati. Tun daga nesa suka hango hayaƙi. Wuta na ci ganga-ganga, wani ƙato ya ɗaga guduma a kan bulon, Ashiru na gefe yana ta azalzalarsa.

"Kada ka sauke ta!" Yahuza ya daka tsawa.

Ƙaton ya daskare da guduma a sama. Ashiru ya zabura zai arce, Na'ima ta sa masa ƙafa ya kifa cikin toka.

Yahuza ya zura yatsa cikin ramin da ya ɓurme. "Alhaji ya ce ka kai Kano. Me ya kawo ka Gwaram?"

Ashiru ya fashe da kuka. "Yallaɓai, Malam Ahmad surukina ne, 'yarsa nake aure. Ya ji labarin aikin, ya aiko yana cewa ko na raina hannunsa ne zan wuce shi in tafi Kano? Ta yaya zan ce wa suruki bai iya ba? Da ya ɓata kuma, ta yaya zan ambaci sunansa?"

"Sai ka ambaci na Baba Haladu."

Ashiru ya sunkuyar da kai. Ran Yahuza ya ɓaci ƙwarai.

"Ka ji kunyar dattijo ɗaya, ka tozarta wani. Shi ba shi da furfura ne?"

Na'ima ta datsa masa ankwa. Aka ɗora bulon a bayan a-kori-kura, Ashiru a gefensa.

Ana kiran magariba Yahuza ya buɗe bayan kanta da hannunsa. Alhaji Badaru na tsaye, ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya zaro makullin gareji ya miƙa.

"Baba, ka yafe mini. Ka koma bakin aikinka."

Baba Haladu ya gyara rawaninsa a hankali, bai karɓi makullin ba.

"Na yafe, Alhaji. Amma ƙofar da aka kira ni ɓarawo a bakinta, ba na sake tsaronta."

Ya sa takalmansa ya nufi masallaci.