Dalar da Shafa'atu Ta Goge

Ranar da Tajuddeen ya fara ganin Shafa'atu, faɗa ne ya kai shi kasuwar Tsafe, ba neman aure ba.

Malamin tarihi ne a wata sakandare a Gusau, ɗan asalin Bungudu. Allah ya jarabce shi da son tara tsofaffin kuɗi: anini, kwabo mai huji, sisi, sule, duk suna nan cikin wani gwangwanin alewa. Abokinsa Victor, ma'aikaci a sabuwar sakatariyar jiha, wanda shi ma wannan ciwon ke damunsa, shi ya tsegunta masa cewa ya ga dala, wato sule biyu, ta azurfa ta shekarar 1913 a wurin wani maƙeri a Tsafe, baƙa ƙirin yadda shekaru suka bar ta. Tajuddeen bai tsaya gani da idonsa ba, ya ba Attahiru direban motar haya kuɗi ya karɓo masa.

Da ya kwance ƙullin sai ga dala tana walƙiya kamar sabon kwano. An goge ta tas. A wurin masu wannan harka kuwa, baƙin nan shi ne shaidar tsufa, wanda ya goge shi ya goge fiye da rabin darajar.

Ranar kasuwa ya dira a rumfar Malam Jibo maƙerin azurfa, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Baba, ba haka anka ce mani take ba. Wa ya goge ta?"

"Lahiya, Malam? Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Duk wanda ya yi wanga aiki jahili ne, bai san darajar abu ba. Gara ya tsaya ga wankin tukwane."

Da ƙarfi ya faɗa, irin muryar da yake tsawata wa 'yan aji uku da ita. Tela na gefe ya tsayar da kekensa, mai goro ya juyo.

Malam Jibo ya dube shi ya ce, "Ni na goge."

"Ba Baba ba ne. Ni ce."

Sai a lokacin ya lura da yarinyar da ke durƙushe a bayan rumfar tana dama wa mahaifinta fura. Baƙa ce siririya, da gyale ruwan ƙasa, idanunta sun kawo ruwa amma muryarta ba ta rawa.

"Da toka da tsamiya na goge ta, tun azahar har la'asar," in ji ta. "Na ji an ce malamin makaranta za a kai ma, mu kau gidanmu ba a ba baƙo abu da dauɗa. Ka yi haƙuri."

Idonsa ya sauka a kan babban yatsanta, ya ga fatar ta saɓule. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam Jibo ya ciro kuɗin ya ajiye a tabarma. Malamin da ya zo da baki cike ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Bari... bari in yi shawara," ya ce, ya juya da dalar a aljihu, kuɗin na nan inda aka ajiye su.

Shawarar nan sai da ta ci sati uku. Victor dai maganarsa ɗaya ce.

"Ka mayar, abokina. Ba abin da ka saya ba ne, kuma mutumin ya yarda. Me kake jira?"

Gaskiya ne, Tajuddeen ya sani. Amma duk sanda ya ɗauko dalar don ya naɗe ta, ba zanen gugar yake gani ba, yatsan nan yake gani. In ya mayar, ya tabbatar wa kasuwa cewa 'yar Malam Jibo ta yi ɓarna. In ya riƙe, da wane ido zai koma ya ce ya fasa? Daga ƙarshe ya yi abin da malamai suka fi iyawa, ya ɗauki biro. Attahiru ya riga ya gaya masa sunanta, da cewa tana koyarwa a firamare.

"Malama Shafa'atu, bayan gaisuwa mai yawa. Ni ne mutumin nan marar ladabi na ranar kasuwa. Na kira ki da sunan da ni na dace da shi. Tun ranar ban ci abinci ya zauna mani ba. Don Allah ki yafe mani. Tajuddeen."

Bayan kwana huɗu amsa ta zo a takardar da aka yago daga littafin rubutu.

"Malam Datti, na ga saƙonka. Na sa maka wannan suna ne don ban taɓa ganin mai son datti irinka ba. Na yafe. Amma ka ci abinci, kar a ce bayan dala na lalata malami. Shafa'atu."

Ya karanta ya fi sau goma, yana murmushi shi kaɗai a ofishin malamai. Daga nan Attahiru ya zama gidan waya. Ita tana ce masa Malam Datti, shi yana ce mata Azurfata. Kafin damina ta tsaya ya fara zuwa zance, ana shimfiɗa musu tabarma a zaure bayan la'asar, kakarta Inno na leƙowa tana cewa ita ce uwargida, a fara sallamarta.

"Azurfata, kin san har yanzu in na tuna ranar nan sai in ji zufa?"

"To ka daina tunawa mana."

"In na daina, na manta ranar da na fara ganinki."

Ta rufe fuska da gyale. "Kai dai bakinka bai iya tsaka-tsaki ba, ko barkono ko zuma."

Malam Jibo kuwa bai manta ba. Yana amsa gaisuwar Tajuddeen, amma a taƙaice. Da maganar turo manya ta taso, ya ce wa Inno, "Mutumin da ya tozarta ɗiyata gaban kasuwa don ƙarhe, mi zai yi mata ran da gishiri ya yi yawa ga miya?" Ga kuma Mahadi, mai shagon gwal a Gusau, ɗan aminin Malam Jibo, yaro mai sanyin baki da sabon babur, ya daɗe yana kai gaisuwa don neman Shafa'atu. Duk mai hankali ya san inda zuciyar tsohon ta karkata.

Da Tajuddeen ya ji haka, sai dabara ta zo masa, irin dabarar wanda ya yi karatu da yawa bai zauna da tsofaffi ba. Ya ce bari ya nuna musu ƙarfen nan ba komai ba ne a wurinsa, ya ba Shafa'atu kyautarsa, ba ya son ko kwabo. Ya ƙulle dalar a hankici, ya haɗa da 'yar takarda:

"Ga dala na mayar. Ba ni da bukatarta kuma."

Ya kwana yana yaba wa kansa.

Bayan kwana biyu Attahiru ya yi sallama a ƙofar ɗakinsa da kwali, fuskarsa ba walwala. A ciki akwai turmin atamfa, kwalbar turare, agogon hannu, duk kyautar da ya yi mata, da wasiƙunsa ashirin da ɗaya a ɗaure da zare. A sama an ɗora takarda.

"Malam Tajuddeen, mun ga saƙo, mun gane. Ga naka kai ma. Da ka faɗa mani da bakinka da ya fi. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ba Malam Datti, ba sa hannu.

Ranar ya hau mota zuwa Bungudu, ya zube gaban mahaifiyarsa Hajara ya kwashe labari ya gaya mata. Ta ajiye tsintar wake, ta riƙe haɓa.

"Tajuddeen, da hankalinka? Mai neman aure shina mayar da abu gidan surukai? Ai ko allura ta hito gidan, in ka mayar, cewa ka yi ka janye. Balle har ka rubuta ba ka da bukata."

"Inna, dalar nike nuhi."

"Su kau ɗiyarsu sunka ji. Kai ke koya ma ɗiyan mutane al'adun da, naka sun gagare ka."

Wannan kunyar ta fi ta farko ciwo, don ta farko fushi ne ya ja masa, wannan kuwa wauta ce tsagwaronta. Ya ce zai rubuta wata wasiƙar ya yi bayani.

"Aje biron nan," in ji Hajara. "Inda ka zubar, nan za ka koma ka kwashe."

Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya iso cewa iyayen Mahadi za su kai gaisuwa ƙarshen wata. Tajuddeen ya sa farar riga, ya sauka a tashar Tsafe. Kasuwa ta cika. Tela na nan, mai goro na nan, ga Shafa'atu a bayan rumfa da ƙwaryar fura. Da ta hango shi ta juya baya.

Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙasa, ba a tabarma ba.

"Baba, a nan na ɗaga murya bara, shi ya sa na zo nan ban tahi gida ba." Ya ɗaga muryar daidai yadda ya ɗaga ta a wancan karon, har masu wucewa suka tsaya. "Jama'a ku shaida, ni ne jahilin. An girmama ni da tsabta, na rama da zagi. An ba ni wuri a zaure, na mayar da kaya don rashin sanin ya kamata. Baba, roƙo na zo, a maido mani dalata."

Malam Jibo ya ci gaba da hura wutarsa na ɗan lokaci. Sannan ya ce, "Ai gogaggiya ce, Malam. Kai ka hwaɗi ba ta da daraja."

"Haka nike sonta. Ba ni sake rabuwa da ita."

"Dalar, ko mi?"

Mai goro ya tuntsire da dariya. Tajuddeen ya sunkuyar da kai, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Tsohon ya ajiye aikinsa ya fuskance shi.

"Ban ƙi ka don ka yi kure ba," in ji shi a hankali. "Kowa na yi. Tsoro na ji ko kana cikin waɗanda ba su iya durƙusawa." Ya waiwaya. "Shafa'atu, ina kinka aje ta?"

Sai ta kwance bakin gyalenta, inda mata ke ƙulle abin da ba su so ya ɓace, ta miƙa wa mahaifinta ba tare da ta ɗago ba. Malam Jibo ya dubi ƙullin, ya dubi 'yarsa, ya gane abin da ba a gaya masa ba.

"Tashi, ɗana," ya ce. "Ka ce ma manyanka su zo. Mahadi ni zan ba ubansa haƙuri."

Bayan an gama kaka a shekarar 1998 aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Jibo. Victor ya zo da babbar riga ta aro, tela da mai goro suka zauna sahun gaba kamar su suka haɗa abin. Saboda nisan hanya, da la'asar aka kai amarya Gusau. Inno ta kama hannun ango da na amarya ta haɗa.

"Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ɗayyiba. Allah shi sa ku ga jikokinku. Kai kuma na bar mata kai, ban iyawa da miji mai kuka a kasuwa."

Abokai suka yi sayen baki, aka yi barkwanci, aka watse. Ɗaki ya rage daga shi sai ita. Amarya ta jira, ta jira, ango ya zauna a bakin kujera yana kallon yatsun ƙafarsa. Da ta gaji ta ɗaga mayafin kaɗan.

"Malam Datti, bakina anka saya. Naka wa zai saya?"

"Tsoronsa nike, Azurfata. Sau biyu shina neman raba ni da ke."

"Sau ɗaya kuma ya maido ka," in ji ta, ta matsa ta ba shi wuri a gefenta. "Zo ka yi muna addu'a. Wannan dai na san ba ka kurewa."

Ya ɗaga hannuwa ya fara addu'a, ita kuma tana amsawa da amin.