Sabuwar Rariya

"Da me ka tankaɗe garin?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba, amma Mai Burodi ya ji tambayar har cikin ƙashinsa. Yana tsaye a ƙofar gidansu da ledar lemu, ya zo duba ƙanwarta Auta.

"Garin shinkafa ne zalla, Malama. Sai da na karanta bayan ledar kamar yadda kika koya min."

"Na ce da me ka tankaɗe shi."

Ya juya ledar lemun a hannunsa. Can ya ce, "Da rariyata... ta gidan burodi."

Ta lumshe ido. Rariyar da fulawa ke bi ta cikinta kullum safiya.

Tun da likita ya gano hanjin Auta ba ya ɗaukar alkama, ko ƙurarta ce, rayuwar Yaya ta koma karatun bayan kwali. A ɗakin karatu take aiki, amma yanzu ƙananan rubutun jikin biskit da gwangwani sun fi littattafai cin idonta. Babu burodi, babu taliya, har sinadarin miya sai an bincika. Shinkafa, dankali, ƙwai, kifi, a sake dawowa kan shinkafa. Iyayensu sun rasu, ita ce uwa ita ce uba ga yarinya 'yar shekara sha biyar, duk gidan auren da za ta shiga, da Auta za ta shiga.

Sai kuma zuciyarta ta rasa wanda za ta so duk duniya sai mai gasa burodi.

"Don in faranta mata na gasa mata burodin," ya ce. "Kullum na wuce sai ta shaƙi rigata ta ce ina ƙamshin da aka hana ta."

"Na sani. Amma tana kwance tana murƙususu. Dubi hannunka, dubi gemunka... har cikin faratanka fulawa ce. Ta yaya zan kai ta gidanka?"

"Hasken idona, kuskure ne."

"Kuskuren naka a cikinta yake sauka." Ta kama ƙofa. "Mu haƙura kawai."

Ta rufe ƙofa a hankali, ta jingina da ita har ƙarar takalminsa ta ɓace.

Auta ta warware, ta koma makaranta. Gidan ne bai warware ba. Wata ranar hutu Yaya na feraye dankali, Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Dankali kuma? Yaya, na kusa fara tsiro."

"Ki gode Allah, wani bai samu ba."

"Na gode." Ta ɗauki ɓawo tana murzawa. "Kin san abin da ya fi damuna? Ba ciwon ba. A lokacin hutun tara a makaranta kowa ya ciro abu daga jaka ya gutsura, ni sai na buɗe kwano da cokali kamar wata tsohuwa. Mai Burodi kaɗai ya taɓa tunanin wannan."

"Ya kusa kai ki gadon asibiti."

"Ke ma da farko kin soya min ƙwai a kaskon da kika gasa burodi. Na kore ki?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Yaya.

"Kada ki mai da ni dalilin kukanki," Auta ta ce, idonta a ƙasa. "Ciwon ciki zan iya da shi. Wannan ne ba zan iya ba."

Bayan 'yan makonni Yaya ta ga Mai Burodi a babban kanti, a layin kayan gari. Ya kai wata leda dab da hancinsa yana motsa baki yana karanta bayanta, ga sabuwar rariya a hammatarsa, takardar farashi ma ba a ɓare ba. Gemun nan babu shi, an aske tas.

Dariya ta kusa kufce mata. "Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya shafa haɓa cikin kunya. "An ce min yana ɓoye fulawa."

"Ka zama kamar ɗan makaranta."

"Ai makarantar na koma. Malama, ba roƙo zan yi ba. Akwai abin da nake so ki duba. In bai yi miki ba, ba za ki sake ganina ba."

Wani ƙaramin ɗaki ne a gidan yayarsa, nesa da gidan burodin. An yi sabon fenti. Ƙaramin murhun gashi, faranti, kwano, muciya, duk sababbi. A bakin ƙofa akwai bokiti da sabulu da buroshin farce, ga farar riga a rataye.

"Sai na yi wanka na sauya kaya nake shiga," ya ce. "Na je wajen likitarta ma, ta wanke ni tas kafin ta yi min bayani."

Yaya ta bi kantar ɗakin da yatsa, ta duba. Ta leƙa murhun. Ta ɗaga ledojin garin ɗaya bayan ɗaya ta karanta: shinkafa, masara, rogo. Sannan ta kama hannun rigarsa ta juya tafinsa tana kallon faratan. Fes suke.

"Burodin farko da na gasa, in aka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti," ya ce. "Yanzu ya fara laushi. Amma ko gutsure ba zan ba ta ba sai kin ce."

Ta daɗe tana kallon rariyar.

"Ka gasa a gabana."

Ranar Litinin Auta ta tafi makaranta da burodi a jaka. Yaya ta wuni a wajen aiki da waya a tafin hannu, ta kasa karanta ko layi ɗaya. Da yamma ƙofa ta buɗe.

"Cikinki?"

"Lafiya lau."

"Kin cinye?"

"Rabi." Auta ta ajiye jaka, murmushi na neman raba fuskarta biyu. "Ƙawata ta ce in sam mata. Yaya... ni aka roƙa."

Yaya ta shige ɗaki, ta goge idonta da bakin mayafi, ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Yaya jikinta?"

"Ƙalau." Ta ja numfashi. "Ka sayo wata rariyar."

"Waccan ta lalace ne?"

"A'a. Ta gidanmu nake nufi, ni da kai da ita."