Bakin Mayafin Hinde

Wayyo Ni'imatu, marainiyar Allah! Ranar da Hinde ta sauka daga babur a Kebbe, ta iske 'yar ƙanwar mahaifiyarta a ɗakin awaki, ƙafa ɗaure da igiya, idanu sun kumbura don kuka. Rabonsu da juna tun ranar sunan ɗan Hinde: da safe Ni'imatu ta rungume ta tana cewa ba ta da kowa sai ita, da la'asar kuma ta zage ta gaban mutane, don kawai ta tashi raka baƙi ta bar ta zaune. Haka take tun rasuwar iyayenta, tsoron a guje ta ya hana ta zama lafiya da kowa...

Baffanta Dogo kuwa abin ya yi masa daɗi. Ya shaida wa dattawa cewa mahaukaciya ce, mahaukaci kuma ba a damƙa masa gado, sai gonar albasar mahaifinta ta zauna hannunsa.

"Yaya Hinde, ke ma kallo kinka zo yi ki wuce?"

Hinde ta durƙusa tana kwance igiyar, hawaye na zuba. "Tare za mu wuce, ƙanwata."

A Tambuwal, inda take zaune, Hinde ta yi ta cigiyar magani. Asibitocin kuɗi sun fi ƙarfin albashinta, sai wata ma'aikaciyar lafiya, Mu'minatu, ta kwatanta mata asibitin gwamnati a Sakkwato, inda masu koyon aiki ke zama da mutum su saurare shi ƙarƙashin babban likita, kati kawai ake yanka. A tasha Ni'imatu ta fasa kuka. "Can za ki yada ni, na sani!" Hinde ba ta yi musu ba, ta kama bakin mayafinta ta ƙulla da nata. "To, in na gudu, da ke zan gudu." Haka suka riƙa zuwa a ƙulle, har 'yan mota na yi musu dariya.

Likita ya ce ba hauka ba ne, yana zaton ciwo ne na zuciyar da ke kasa riƙe fushi da tsoro, kuma ana koyon riƙe su.

Da Hinde ta kai maganar gona gaban mai garin Kebbe, Dogo ya dubi Ni'imatu ya yi murmushi, don ya san inda zai taɓa. "Ita ma Hinde ta kusa gajiya da ke, 'yar nan."

Kowa ya zuba wa Ni'imatu ido. Ta ja numfashi a hankali yadda aka koya mata.

"Baffa, maganarka ta yi min zafi, amma ba ni ihu. Gonar babana nika so."

Allahu Akbar! Ganin da hankalinta, nan take mai gari ya sa Dogo ya mayar da gona har da albasar bana, ya fita kai sunkuye, ba wanda ya amsa sallamarsa.

Da Hinde za ta koma Tambuwal ta bar Ni'imatu a Kebbe, ta miƙa hannu za ta ƙulla mayafi har bakin hanya kamar kullum. Ni'imatu ta riƙe hannun, tana dariya tana hawaye.

"Bar shi, Yaya. Tafi abinki, na san kina dawowa."