Kilo Ukun Indo

Indo na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki da ƙwaryar fura a gabanta. Ta ɗauki ludayin ta ajiye ya fi sau biyar. Mijinta Manu ya tsuguna a gefe yana kallonta.

"Sha mana, Indo. Nonon akuyarki ne, da hannuna na tatso."

"Inna ta ce mai shan garin gwangwani ba ya shan nono."

"To bari a dama miki da ruwa."

"Iya kuma ta aiko cewa mai shan shayin nan ba ya kusantar gero."

"Wake fa?"

"Gwangwani ya hana."

"Ƙwai?"

"Wallahi na manta wanda ya hana ƙwai. Amma dai an hana."

Manu ya dafe kai. Shi dai tela ne, da rani yakan saɓa kekensa a kafaɗa ya bi lungunan Kano yana ɗinki, amma bai taɓa ganin zaren da ya cukurkuɗe irin wannan ba. Shekararsu uku da aure, auren so tun suna 'yan lakwal, wato makarantar boko, a nan Matamaye. A Kanon ne likitan wani asibiti ya ce ƙullutun da ke nonon Indo ciwon daji ne. An yi mata allura zagaye biyu. Da suka koma na uku, likitan ya ɗora ta a sikeli, ya girgiza kai. Ya ce jikinta ba zai ɗauki allurar ba sai ta ƙara kilo uku, ya rubuta musu randebu, wato ranar komawa, nan da kwana arba'in. Ya ce ta ci duk abin da ranta ke so, domin shi ciwon ba ya jiran kowa.

A ci abinci! A wace shekara? Daminar bara ta yi gardama, rumbuna sun zama ɗakin ɓeraye. Sojojin da suka karɓi mulki a Yamai ma sun fito a rediyo sun ce lallai akwai yunwa a ƙasa. Duk da haka gidan Manu bai rasa ba: akwai ɗan geron da ya sayo, akwai zogale a bayan ɗaki, ga akuyar da Indo ta zo da ita ranar biki tana ba da nono safe da yamma.

Sai ga Ɗan'azumi, yayan Manu, ya dawo daga Kano da farar riga da baƙar jaka. Ya baje wa mahaifiyarsu Inna Baiwa takardu masu hotunan ramammu da suka koma ɓul-ɓul.

"Inna, wannan ba magani ba ne, safliment ne. Cokali ɗaya ya fi tuwon kwana uku. A mitin ɗin kamfani aka koya mana, abincin gida shi yake ciyar da ciwon daji. A yanke nono, a yanke mai, a yanke wake."

Inna Baiwa ba ta san safliment ba, amma ta san ɗanta ya yi Turanci. Ta kai wa surukarta gwangwanin da hannunta. Wace matar ɗa ce za ta ce wa uwar miji a'a?

Labari ya kai gidan Iya Sa'a, mahaifiyar Indo. Ita Indo 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ta Iya Sa'a ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta zama kusa da ita, ba ta duban idonta. In ta zo dubiya, a zaure take tsayawa ta tambayi iska, "Yaya mai jikin?" Ashe duk son da kunya ta hana ta faɗa yana nan yana cin ta. Da ta ji dangin miji sun kawo gwangwani, ta ɗauki tasoshinta na aure ta kai kasuwa, ta shiga mota zuwa Damagaram, ta dawo da kwalin wani shayi daga wurin wata Hajiya mai sayar da kayan ƙarin lafiya. Shi kuma shayin ya hana gero da nama. Wane suruki ne zai ɗaga ido ya ce wa uwar matarsa a'a?

Kowace safiya Inna Baiwa za ta leƙo ta ce, "Yaya jiki?" Indo za ta ja babban mayafinta har wuya ta ce, "Da sauƙi, Inna." Daga zaure Iya Sa'a za ta tambaya, amsar ta fito ta bayan labule, "Da sauƙi." To me kuma mai tarbiyya zai ce? Ko gawa aka tambaya a ƙasar nan, da sauƙi za ta ce. Inna ta yaba wa gwangwaninta, Iya ta yaba wa shayinta, Ɗan'azumi kuwa har ya fara kafa misali da matar ƙanensa a bakin tasha.

Ranar kwana na goma Manu ya goya Indo a babur ɗin aro zuwa likita, asibitin garinsu. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya raba layin matan da suka kawo yara masu tamowa, ya ɗora ta a sikeli. Ba ta ƙaru ba. Rabin kilo ma ta rage.

Majo ya karɓi gwangwanin da suka zo da shi ya karanta bayansa, ya shinshina shayin.

"Garin waken soya ne da sukari da ɗan bitamin. Ba guba ba ne. Shayin kuwa ganye ne mai sa gudawa, a daina shi yau."

"To Majo, ƙarya ce duka ke nan?"

"Akwai na gaskiya. In mara lafiya ya kasa haɗiye abinci, likitansa yakan rubuta masa irin wanda ya dace. Amma duk wanda ya ce a bar abinci saboda hajarsa, kasuwa yake ci. Me take ci a gida?"

Sai a lokacin Manu ya lissafa: ruwan gari da safe, ruwan shayi da yamma.

Suna komawa gida suka tarar da Inna Baiwa ta ɗaura wa akuya igiya.

"Gobe Ɗan'azumi zai kai ta kasuwar Ɗan Barto. Ƙaramin gwangwani ya ƙare, babba za a sayo. Nonon da ba a sha, me akuya take yi mana sai cin dusa?"

"Inna, ku yi haƙuri. Akuyar nan ba za ta fita ba."

Tun da Manu yake bai taɓa musa mata ba. Inna Baiwa ta saki igiyar, ta riƙe haɓa.

"Ni kake gaya wa haka, Manu? Ka fi yayanka sani? Ko shayin surukarka ne ya fi maka abin da uwarka ta kawo? Yarinya da bakinta kullum tana cewa da sauƙi!"

Ta shige ɗaki tana share ido. Indo ta kama gefen rigarsa, hawaye na bin kumatunta.

"Maigida, a sayar da ita. Kada ka saɓa wa Inna saboda ni. Ni ban san wa zan bi ba. In na sha nono na raina Inna, in na sha fura na raina Iya, in ban sha ba na raina likita. Gara in haƙura."

"Ki haƙura ki mutu?"

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka faɗi sunan ciwon. Yana son matar nan, kuma ladabi na neman kashe masa ita a gabansa.

Washegari da hantsi Iya Sa'a ta yi sallama a zaure da sabon kwali a hannu. Maimakon Manu ya sulale ta bayan gida kamar yadda ya saba, sai ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Iya, ku gafarce ni, yau zan yi rashin kunya. Ku shiga ku gan ta."

"Ai ina jin muryarta daga nan."

"Murya ba ta ramewa, Iya. Na roƙe ku don Allah."

Tsohuwar ta daɗe a tsaye. Sannan ta cire takalmi, ta ɗaga labulen da ba ta taɓa ɗagawa ba. Inna Baiwa ta ji motsi, ta biyo ta. Indo ta yi wuf ta jawo mayafi, amma Iya Sa'a ta riƙe shi ta janye. Awarwaron da ta saya mata na aure, wanda da sai da sabulu yake shiga, ya zame har sama da gwiwar hannu.

Kwalin shayi ya faɗi ƙasa.

"Yaya… yaya jikin?" in ji Iya Sa'a.

"Da sau—"

"Indo," in ji Manu daga bakin ƙofa, "don girman Allah."

Indo ta dubi uwar mijinta, ta dubi uwarta, ta sunkuyar da kai.

"Iya, yunwa nake ji."

Iya Sa'a ta zube a kan tabarmar ta rungume ta. "Indo," ta ce. "Indona." Shekara ashirin da uku sunan na bakinta, sai yau ya fito. Inna Baiwa kuwa salati ta yi, ta fita. Can sai aka ji kukan akuya: tsohuwa ta kwance igiyar, ta tsuguna da ƙwarya tana tatsa tana kuka.

Ɗan'azumi ya iso don ya ja akuya, ya tarar da uwarsa da surukar ƙanensa a kan turmi ɗaya suna kirɓa fura. Ya leƙa ɗaki, ya fito jikinsa a sanyaye.

"Wallahi haka aka koya mana a mitin. Kuma ita da kanta take cewa da sauƙi…"

"Ɗauki jakarka," in ji Inna Baiwa. "In kana son lada, je ka nemo ƙwai."

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Cikin Indo ya manta abinci, wani lokaci ludayi uku sai amai. Aka bi ta kaɗan-kaɗan: fura da nono, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, ɗanwake, dafaffen ƙwai. Iya Sa'a ta tare a gidan, kunya ta tafi hutu. Duk Juma'a Majo ya auna ta. Ranar randebu suka wuce shingayen sojoji da na duwan, wato kwastan, suka isa Kano. Allurar sikeli ta nuna ƙarin kilo uku babu kaɗan. Likita ya duba takardar jininta, ya dube ta, ya ce a shirya allura.

Manu ya fita baranda ya yi kukansa son ransa.

Kunya ado ce, biyayya ga iyaye kuma wajibi, amma ba a yi su don su rufe bakin mara lafiya ba. Haƙurin da ake saka wa da alheri shi ne wanda ya faɗi gaskiya cikin ladabi, kuma duk ƙyallin gwangwani, a tambayi likita kafin a ture ƙwarya.

Sauran zagaye uku na allura suna gaba, sauran kuma na Allah ne. Amma da suka dawo Matamaye, Inna Baiwa ta tare su a zaure ta ce, "Yaya jiki?" Indo ta ce, "Da sauƙi, Inna." Tsohuwar ta kama hannunta, ta gwada awarwaron, ta ga ya tsaya a inda ya kamata. Sannan ta yarda.